Nutson neman tsofaffin kwalabe a kogi

Nutson neman tsofaffin kwalabe a kogi wata sana'ar sha'awa ce da mutum yake shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a bayansa domin ya lalubo kwalaben da aka jefar a kogi shekaru ɗari ko fiye da suka wuce. An fi yin ta a Amurka da Birtaniya, musamman a kogunan da suka ratsa tsofaffin garuruwan kasuwanci. Ta haɗa abubuwa biyu da kowannensu yake buƙatar koyo: nutso irin na sukuba, wato nutso da na'urar numfashi da mutum yake ɗauke da ita, da kuma sanin tarihin gilashi.

Asali

Kafin a fara kwashe shara a birane yadda ake yi yanzu, mutane da yawa kogi suka mayar juji. Daga kan gada, da mashigin jiragen fito, da bayan otal-otal da mashaya, da wurin da jiragen ruwa suke sauke kaya, duk an riƙa wurga kwalabe cikin ruwa. Gilashi ba ya ruɓewa, laka kuma tana rufe shi ta hana shi fashewa, shi ya sa ake tsinto kwalbar da ta yi shekara ɗari biyu ba tare da tsaga ba. Isa gare su ya yi sauƙi ne bayan 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan na Faransa suka ƙirƙiro na'urar numfashi ta Aqua-Lung.

Horo da kayan aiki

Matakin farko shi ne samun takardar shaidar nutso daga ƙungiya irin su PADI, wadda aka kafa a 1966, ko BSAC ta Birtaniya da ta fara a 1953. Shaidar farko ta PADI tana ba mutum damar sauka har zurfin mita 18. Yawancin kwalabe ba su kai wannan zurfin ba, amma wannan bai kamata ya ruɗi mai koyo ba, domin wahalar kogi ba a zurfinsa take ba. Wanda ya koyi nutso a ruwa garai-garai yakan rikice ranar da ya fara sauka inda ba ya ganin tafin hannunsa. A kogunan da ake kira baƙin ruwa, irin Kogin Cooper da ke jihar Karolina ta Kudu, ruɓaɓɓun ganyaye sun rina ruwan kamar shayi, kuma mai nutso rarrafe yake yi a ƙasa yana shafawa da hannu cikin hasken tocila. Don haka masana suke ba da shawara a fara tara nutso da yawa a tabki ko wurin da ruwa bai da ƙarfi, sannan a bi wanda ya san kogin.

Bayan tukunyar iska da na'urar daidaita numfashi da tabarau, mai neman kwalba yana buƙatar safar hannu mai kauri saboda fasassun gilasai, da tocila biyu, da jakar raga, da almakashi ko wuƙa. Wasu sukan ƙara dalma fiye da ta nutson teku don ruwa kada ya ɗaga su, su kuma riƙe wani ƙarfe mai tsini da suke kafawa a ƙasa suna jan jiki da shi.

Haɗari

Babbar ƙa'idar sukuba ita ce kada a riƙe numfashi yayin hawowa. Matsin ruwa yana ninkawa biyu a zurfin kusan mita 10, kuma iskar da ke huhu tana kumbura in mutum ya taso, tana iya fasa huhu ko da a ruwa mai zurfin mita kaɗan ne. A kogi akwai ƙarin matsaloli. Zaren fatsa da tsohuwar koma da rassan bishiyoyin da suka nutse suna sarƙe mutum, dalilin almakashin ke nan. Kusa da madatsar ruwa ko bakin bututun da yake zuƙar ruwa, ƙarfin ja yana iya manne mutum ya kasa tashi, saboda haka ba a nutso a irin waɗannan wurare sam. A sama kuma akwai farfelar jiragen ruwa, shi ya sa ake kafa tutar nutso, wadda a Amurka ja ce mai farin layi a karkace. A kogin da teku yake shiga, ana jiran ɗan lokacin da ruwa ya tsaya tsakanin cikowa da janyewa. Ruwan kogi yana iya ɗauke da ƙwayar cutar leftosfirosis, wadda ake samu daga fitsarin ɓeraye, tana shiga ta rauni. Ana kuma kiyaye nauyin jaka: wanda ya cika ta da kwalabe masu laka ya sauya nauyin jikinsa ba tare da ya lura ba.

Yadda ake gane shekarun kwalba

Gindin kwalba ne ake fara dubawa. A da, mai hura gilashi yakan manna sandar ƙarfe a gindinta ya riƙe ta yayin da yake gyara bakin, in ya ɓalle sandar sai ta bar tabo mai kaushi. Kwalbar Amurka mai wannan tabo galibi ta girmi shekarun 1860. Bayan haka sai layin da mazubi ya bari a gefe. Idan layin ya tsaya a wuya, da hannu aka gama bakin. Idan ya haura har saman baki, aikin inji ne, wato bayan 1903 da Michael Owens ya yi rajistar injinsa na yin kwalba.

Murfi ma shaida ne. Hiram Codd na Ingila ya fito da kwalbar lemo mai ƙwallon gilashi a wuya a farkon shekarun 1870, iskar lemon ce take tura ƙwallon ya toshe baki. Yara sukan fasa su don su ciro ƙwallon, abin da ya sa lafiyayyu suka yi ƙaranci. Murfin kwano mai haƙora da aka sani yau William Painter ne ya yi rajistarsa a 1892. Masu tarawa sun fi daraja kwalbar da aka zana sunan gari ko na mai kantin magani a jikinta, da masu launin da ba a cika gani ba kamar shuɗi mai duhu. Gaskiyar magana, mafi yawan abin da ake tsinta ba ya da wani kuɗi a kasuwa.

Kwalbar da ta fito daga ruwan sanyi ba a ajiye ta a rana ko a zuba mata ruwan zafi, domin tana iya tsagewa nan take.

Doka

A Amurka ƙasan yawancin kogunan da jirage ke bi mallakar jiha ce, kuma dokoki sun bambanta ƙwarai. Karolina ta Kudu, bisa dokarta ta kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa ta 1991, tana ba da lasisin masu sha'awa ta hannun cibiyar binciken kayan tarihi da ke jami'ar jihar. Mai lasisi yana iya ɗaukar abin da yake kwance a fili da hannu, ba haƙa, ba ɓalle wani sashe na jikin gawar jirgi, kuma yana aika rahoton abin da ya samu duk bayan wata uku. Jihar Florida kuwa ta soke irin wannan izini a 2005. A Birtaniya, abin da aka ciro daga jirgin da ya nutse a ruwan da teku ke shiga dole a sanar da jami'in da ke karɓar kayan jiragen da suka nutse cikin kwana 28. Masu binciken tarihi suna sukar ɗaukar kaya ba tare da rubuta inda aka same su ba, domin tarin kwalabe a wuri guda yana iya zama alama ɗaya tak da ta rage ta wata tsohuwar tashar jirgi.