Daga Hatimin Waziri Zuwa Kalmar Sirri

Bayan jihadi, sa'ad da Sarkin Zamfara ya zauna a Anka, takardu ba su yanke ba tsakanin Sakkwato da garuruwan yammacin Zamfara, watau Anka da Gummi da Bukkuyum. Da Larabci akan rubuta su, a buga hatimi da tawada a bisa kan takardar, sa'an nan a naɗe a danƙa wa manzo, ya sa a gafaka ya hau doki. Mai karatu ya lura da aikin hatimin nan. Shaida ne na wanda ya aiko, don kada wani ya yi ƙarya da sunan sarki. Amma ba ya ɓoye ko harafi ɗaya. Abin da ke tsare asirin takarda shi ne amanar manzo, da kuma ƙarancin masu iya karanta Larabci a kan hanya.

Wannan tsaro ya isa muddin gafaka tana hannun mai ita. Ran da ta fita, shi ke nan. Cikin watan Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato, suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Duk hatiman suna nan daram, amma ba su hana kowa karantawa ba. Cikin 1927 wani Bature, H. F. Backwell, ya buga fassararsu da Turanci a Ikko, har abin da sarakuna suka faɗa wa Waziri a asirce game da zuwan Nasara ya zama abin karatun kowa.

Gafakar zamaninmu ita ce faifan ajiya na kwamfuta. Na farko kamfanin IBM ya yi shi a Amurka cikin 1956, nauyinsa wajen ton ɗaya, yana ɗaukar haruffa miliyan 5. Yau wanda ke shiga aljihun riga yana ɗaukar fiye da wannan sau 200,000. Malamin makaranta a Gummi yakan zuba sakamakon jarrabawa a ciki, akawu a Anka ya zuba lissafin albashi, su kai shagon buga takardu, su jona shi a kwamfutar da ba tasu ba.

To, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Suna zaton tun da kwamfutarsu ta gida tana da kalmar sirri, faifan ma a kulle yake. Ina! Wannan kalma ƙofar zaure kaɗai take tsarewa, faifan kuwa ya riga ya fita daga gidan. Wanda ya tsince shi a tasha sai ya jona a tasa, ya karanta kome, kamar yadda aka yi wa takardun Waziri.

Maganin shi ne a hargitsa rubutun kansa ta hanyar lissafi, yadda ba ya komawa daidai sai an ba da kalmar. Dabarar tsohuwa ce, gama tun ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan warware ɓoyayyen rubutu ta ƙidayar haruffa. Lissafin da aka fi aiki da shi yanzu, AES, an tabbatar da shi a Amurka cikin 2001, kuma ya fi ƙarfin irin wannan ƙidaya.

Sauran wahala ita ce kwamfutoci ba jinsi ɗaya ba ne. Cikin 2009 Microsoft ya fito da BitLocker To Go, mai kulle faifan tafiya, amma kwamfutar Apple ba ta buɗe shi sai da ƙarin manhaja. VeraCrypt, wadda ta fito cikin 2013, kyauta ce, tana aiki a Windows da Apple da Linux, sai dai dole a same ta a kwamfutar da za a jona, mai shago kuwa ba lalle ya yarda a sa masa ita ba. Har wa yau, kwamfutar shago tana iya ɗauke da muguwar manhaja mai kwashe abin da aka danna, ta sace kalmar.

Kwaɗon ƙarfe in mabuɗi ya ɓace akan kira maƙeri. Wannan kulli ba shi da maƙeri. Shi ya sa BitLocker ke ba mutum lambobi 48 na ceto tun ranar kullewa, ya rubuta a takarda ya adana a adaka, nesa da jakar da faifan ke ciki.