Daga Durɓi ta Kusheyi zuwa Ganuwar Zazzau

A da, ba takardar hukuma ce ke tsare makwantan magabata a ƙasar Hausa ba. Kwarjini ne. Tuddan kaburburan Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, sun shekara ɗaruruwa manoma na kewaye su da garma. Ganuwa kuwa sarki ke sa a yi mata gayya bayan damina, kowace unguwa ta yaɓe rabonta.

A 1907 Bature Palmer ya haƙa tudun Durɓi, abin da ya kwaso kuma ya salwanta. Sai a 1953 aka yi dokar kayan tarihi, a 1959 tuddan suka shiga jerin wuraren da gwamnati ta killace, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ganuwar Zariya da Dutsen Kufena ma suna cikin jerin.

Haƙan Durɓi na 1992, wanda aka yi da masana daga Jamus, shi ya nuna abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar nan: manyan mutane da aka binne da awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun wuya, da zinariya, har da tasar tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya. Ke nan tun wajen ƙarni na 14 fatauci ya haɗa mu da nesa. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara, suka daɗe kafin su dawo gida.

To amma a je Ƙofar Kuyambana a Zariya a bi jikin ganuwa. Nan ta zama tudun da awaki ke hawa, can an rarake gindinta an ɗebi jar ƙasa ta tubali, gaba kaɗan katangar wani ta hau kanta. Ban ga laifin mai neman wurin kwanciya shi kaɗai ba. Gari ya cika ya batse. Abin da ke ci mini rai shi ne doka ta karɓe ganuwar daga hannun unguwa ta kai Abuja, ba ta turo ko kwando ɗaya na yaɓe ba.

Senegal da Gambiya sun kai da'irorin duwatsun kaburburansu jerin UNESCO a 2006. Mu kuwa har yau ganuwar da ake jingina wa Sarauniya Amina damina ke rage mata tsawo kowace shekara.