Hannun likita Bergonié

Idan yaro ya faɗo daga kan moto a Maraɗi ko a Tawa, abin da dangi suke fara faɗa shi ne a kai shi a yi masa radiyo. Ana shiga da shi ɗaki, ma'aikaci ya koma bayan katanga, jim kaɗan a fito da hoton ƙashi. Ba safai ake tambayar abin da ya sa ma'aikacin yake ɓuya ba. Katangar nan tana da tarihi, kuma sai da aka yi asarar yatsu da rayuka kafin a gina ta.

Ranar 8 ga watan Nuwamba na 1895, a garin Wurzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa takarda da katako da tsoka, amma ƙashi da ƙarfe suna tare shi. Da yake bai san asalinsa ba, sai ya laƙaba masa harafin X. Cikin ƴan watanni likitocin Turai da Amurka suka rungume shi, suna neman karaya da harsashi a jikin majinyata. Mai aikin yakan sa hannunsa gaban kwalbar sau da yawa a yini don ya gwada ƙarfinta. Babu zafi, babu wari, to me za a ji tsoro? Sai bayan kwanaki fata ta yi ja, gashi ya zube, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, an yanke masa hannuwa biyu kafin sankara ta kashe shi a 1904, Edison kuwa ya wanke hannunsa daga binciken.

Wanda ya fi jan hankalina a wannan labari shi ne Jean Bergonié, likita kuma malamin jami'a a Bordo. Shi da Louis Tribondeau sun yi ta haska ƴaƴan marainan ɓeraye, suna duban abin da ya faru a madubin ƙara girma. Suka lura cewa ɓarnar ba ɗaya take ba a ko'ina: ƙwayoyin da ke samar da iri sun mutu, maƙwabtansu kuwa suna nan daram. A 1906 suka fitar da ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansu, cewa ƙwayar jiki ta fi jin wannan haske gwargwadon yawan rabuwar da take yi da kuma ƙuruciyarta. Yau mun san dalili. Hasken yana fizge elektaron daga ƙwayar zarra, ya tsinka zaren gadon halitta da ke cikin ƙwayar jiki. Wadda take gab da rabuwa ba ta samun sukunin gyara kafin ta kwafi ɓarnar. Shi ya sa ɓargo, da rufin cikin hanji, da fata, da ɗan tayi suka fi shan wahala, jijiya da tsoka kuwa suna da dauriya.

A cikin wannan ƙa'ida guda magani da cuta suka haɗu. Sankara ba ta da aiki sai rabuwa, don haka hasken ya fi yi mata illa a kan naman da ke kewaye da ita, wannan kuwa shi ne tushen gashin sankara da ake yi a asibitoci, har da cibiyar Yamai da ta samu na'urarta a 2021. Amma ƙwayar lafiya da aka raunana ba a kashe ba tana iya rikiɗa ta zama sankara bayan shekaru goma ko ashirin. Bergonié ya karanta wannan rabin darasin a jikinsa. An yanke masa yatsu, daga baya aka cire hannun, bai daina fafutukar kafa cibiyoyin yaƙi da sankara a Faransa ba har ya rasu a 1925. Cibiyar Bordo sunansa take amsawa.

Kariya ta zo a makare. Sai a 1928, a Stockholm, aka kafa kwamitin duniya mai tsara dokokinta: nisa, taƙaita lokaci, da garkuwar darma. Marie Curie, wadda ta yi ta yawo da motocin radiyo a fagen yaƙin 1914, ta rasu a 1934 bayan ɓargonta ya daina samar da jini. A 1936 aka kafa wani dutse a harabar wani asibitin Hamburg, aka sassaƙa sunayen likitoci da ma'aikatan da hasken ya kashe, su fiye da 150, daga baya ma aka ƙara wasu.

Hoton ƙirji na yau bai wuce abin da jiki yake sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwanaki ƙalilan ba, saboda haka mai karaya ko mai tarin fuka bai kamata ya guje shi ba. Abin da nake ƙi shi ne ɗabi'ar wasunmu ta matsa wa likita a yi musu radiyo, kamar hoton ne maganin. A 1956 likita Alice Stewart ta Oxford ta nuna alaƙa tsakanin haska masu juna biyu da sankarar yara, aka daɗe ana gardama da ita kafin a daina yin haka barkatai. Daga nan tambayar nan ta samo asali, wadda ma'aikaci yake yi wa mace a bakin ƙofa, wani lokaci cikin jin nauyi: Hajiya, ko kina da ciki?