Ekklesiya da Takobin Sarki: Labarin Faransa, da Yadda Ya Iske Mu a Zongo

Cikin wannan ɗan littafi na jubili waɗansu sun riga sun ba da labarin iyayenmu da suka fara wa'azin Bishara a Zongon Kumasi. Mu kuwa za mu ɗauko namu labari daga nesa, saboda wata magana da mu kan ji a bakin ƙofa bayan an tashi sujada. A kan ce, da ma sarki namu ne, da ma gwamnati tamu ce, da ba a taɓa mu ba. Wanda aka hana shi gadon ubansa, ko aka karɓe masa mata, ko aka tashe shi daga ɗakin haya domin ya yi baftisma, in ya faɗi haka ba mu ga laifinsa ba. Amma akwai ƙasar da ekklesiya ta sami abin nan da mu ke marmari, ta riƙe shi fiye da shekara dubu, watau Faransa. Ba kuwa baƙuwa ce gare mu ba, gama da yawa cikinmu kakanninsu daga ƙasar Faransi suka gangaro, daga Maraɗi da Damagaram da Dosso da ƙasar Mosi.

Wajen shekara ta 500 aka yi wa wani sarki mai suna Clovis baftisma a birnin Reims. Tun daga nan sarauta da ekklesiyar Roma suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. A Reims a ke naɗa sarakuna, bishop ya shafa musu mai, daga baya kuma aka ƙara cikin rantsuwar naɗi, sarki zai kawar da masu bidi'a daga ƙasarsa. Limaman Katolika, waɗanda mu ke kira Fada, su ke karɓar ushirin amfanin gona bisa doka. Littafin haihuwa da na aure da na mutuwa duk a hannunsu su ke. Wanda sunansa ba ya cikin littafin Fada, a wurin alƙali kamar ba a haife shi ba.

Ana nan sai Littafi Mai Tsarki ya fita cikin harshen mutane. Cikin 1535 aka buga fassarar Olivétan da Faransanci, cikin 1536 kuma John Calvin, mutumin Faransa wanda ya gudu daga ƙasarsu, ya sauka birnin Janiba. Masaƙa da maƙera da fatake suka riƙa karatu a ɓoye, har da waɗansu manyan sarakai. Cikin 1559 ekklesiyoyinsu suka yi babban taronsu na fari a Faris. Aka yi musu laƙabi Huguenot.

A nan wajib ne mu faɗi abin da ba mu so. 'Yan'uwan nan namu, da suka ga sun yi yawa, sun kuma sami hakimai da mayaƙa, su ma suka zare takobi. Daga 1562 har 1598 ana yaƙi, a sulhunta, a sāke. Suka farfashe siffofi cikin majami'un Katolika, cikin 1567 kuma a garin Nîmes suka karkashe limamai da waɗansu mutane. Abin da aka yi musu dai ya fi haka nesa. Ran 24 ga Agusta 1572, manyansu sun taru a Faris domin bikin auren Henry na Navarre da ƙanwar sarki, sai aka fāɗa musu da dare. Aka kashe shugabansu Coligny, aka jefo gawarsa ta taga, kisan ya bazu garuruwa, dubbai suka hallaka. Henry ɗin nan shi ya gaji sarauta daga baya. Da ya ga Faris ba za ta buɗe masa ƙofa ba sai ya koma Katolika, cikin 1593 ya koma. Cikin 1598 ya kafa dokar Nantes, wadda ta ba 'yan Furotesta izinin sujada a waɗansu wurare, da garuruwa masu ganuwa inda za su fake.

Sai dai abin da sarki ya bayar, sarki ya kan karɓe. Jikansa Louis na 14 ya ƙudura a ransa ƙasa mai sarki ɗaya sai addini ɗaya. Tun 1681 ya fara saukar da barade cikin gidajen masu bi, su ci, su sha, su farfasa kaya, su hana masu gida barci, har mai gida ya sa hannu ya ce ya tuba. Cikin Oktoba 1685 ya soke dokar kakansa. Aka rushe majami'u, aka ba fastoci kwana 15 su bar ƙasa, sauran jama'a kuwa aka hana su fita. Duk da haka wajen mutum 200,000 suka sulale, suka nufi Holan da Ingila da Jamus da Suwizalan, waɗansu har ƙarshen Afirka ta Kudu. Suka tafi da sana'arsu, saƙar siliki da gyaran agogo da sauransu, Faransa ta yi hasara, maƙwabta suka ƙaru.

Waɗanda suka rage su ne labarinsu ya fi kama da namu. Ba su da fasto sai mai yawo a ɓoye, ba su da ɗakin sujada sai kogon dutse da jeji. In an kama namiji a taro, a ɗaure shi da sarƙa ya yi ta tuƙin jirgin sarki, mace kuwa sai kurkuku. Auren da ba Fada ya ɗaura ba, doka ba ta san shi ba, 'ya'yan da aka haifa ciki shegu ne a wurin shari'a, ana iya hana su gado. Wanda ya ƙi Fada a bakin mutuwa, da dare a ke binne shi a bayan gida ko cikin gona. Wanda ya taɓa rasa inda zai sa gawar ɗan'uwansa a wannan gari ya san nauyin wannan. Akwai wata yarinya, Marie Durand, wadda aka kama cikin 1730 domin wanta fasto ne. Shi aka rataye shi cikin 1732. Ita aka kulle ta cikin wata hasumiya a Aigues-Mortes, a bakin teku, tare da waɗansu mata. Kalma ɗaya za ta faɗi a sake ta, ba ta faɗa ba. Ta fito cikin 1768, bayan shekara 38. Har wa yau akwai wata kalma da aka ƙwarzana a dutse cikin ɗakin, ma'anarta kada a ba da kai. Sai cikin 1787 aka yarda a rubuta aurensu da haihuwarsu.

To, ekklesiyar da ta ci nasara fa? Shekara biyu bayan wannan, cikin 1789, talakawa suka tayar wa sarauta. Da shi ke bagade ya daɗe yana jingine da gadon sarauta, da gadon ya fāɗi sai ya ja bagaden. Cikin Nuwamba na shekarar aka ƙwace gonakin ekklesiya. Cikin 1790 aka ce kowane Fada ya rantse wa sabuwar gwamnati, waɗanda suka ƙi aka kore su, cikin Satumba 1792 kuma aka karkashe da yawa cikin gidajen kurkuku na Faris. Aka sare kan sarki cikin Janairu 1793, kafin shekarar ta ƙare aka mai da babbar majami'ar Notre-Dame wurin bikin girmama hankalin ɗan adam. Kada kowa cikinmu ya yi murna da wannan. Cikin limaman nan akwai talakawan Allah da suka mutu domin ba su yarda su sayar da lamirinsu ba, kamar yadda Marie Durand ba ta yarda ba. Abin da mu ke gani shi ne, makamin da aka wasa domin wuyan waɗansu, shi aka ɗora a nasu. Ai mun san abin da Ubangiji ya yi da Bitrus sa'ad da ya zare takobi a gonar Jatsaimani.

Napoleon ya gyara tsakani cikin 1801, gwamnati ta riƙa biyan limamai albashi, daga baya har da fastoci. Amma gaba ba ta mutu ba. Cikin 1882 aka fitar da koyarwar addini daga makarantun gwamnati, cikin 1904 aka hana ƙungiyoyin Fada da Sista koyarwa, ran 9 ga Disamba 1905 kuma aka raba ekklesiya da gwamnati. A kan wannan doka Faransa ta ke har yanzu, ban da yankin Alsace da Moselle, waɗanda a lokacin suna hannun Jamus.

Yanzu sai mu dawo gida, gama ƙurar wannan rigima ta iso ƙasarmu. Akwai wata ƙungiyar Fada masu fararen riguna, wadda Lavigerie ya kafa a Aljeriya cikin 1868. Sun sauka Wagadugu cikin 1901. Da suka ga abin da a ke yi wa 'yan'uwansu a Faransa, suka ji tsoro kada a kore su daga ƙasar Mosi, suka nemi mafaka a hannun Ingilishi. Cikin 1906 suka ƙetare iyaka suka zauna a Navrongo, tare da su akwai Fada Oscar Morin, mutumin Kanada. Daga nan Katolika ta kafu a arewacin ƙasar nan, majami'ar da suka gina da ƙasa tana nan tsaye. Ku dubi abin mamaki, 'ya'yan ekklesiyar da ta kori Huguenot zuwa Ingila, ga su suna neman inuwa ƙarƙashin tutar sarkin Furotesta.

A ƙasar Hausa ta Faransi kuwa, masu Bishara ba su sami sauƙi ba. Kwamandan da ba ya son Fada na ƙasarsu, ina zai so baƙo mai jin Ingilishi? Dokar 1922 ta ce kowace makaranta sai da Faransanci za a yi koyarwa cikinta. Mishan ta SIM ta shiga Damagaram cikin 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maraɗi, asibitin Galmi kuma cikin 1950. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikin 1932, aka riƙa karanta shi a zaure da gindin itace. Ekklesiyar can ta tashi ba ta da sarki, ba ta da kwamanda, 'yar kaɗan ce, amma ba wanda ya shige ta domin neman muƙami. A waɗannan shekaru ne kuma aikin tilas da haraji suka koro samari zuwa Kurmi, su yi dako da aikin koko da cinikin goro, har aka soke aikin tilas cikin 1946. Haka Zongo ya cika.

A nan Kumasi ma, wanda ya kafa aikin mishan ta Basel bai shigo da ƙarfi ba. Fritz Ramseyer, mutumin Suwizalan, a ɗaure aka kawo shi shi da matarsa, bayan mayaƙan Asante sun kama su cikin 1869, suka zauna a hannun Asantehene har 1874. Ya koyi harshe da halin mutane yana bursuna. Amma kada mu ɓoye, komowarsa cikin 1896 a bayan sojan Ingilishi ne, saboda haka mutanen gari suka ɗauki mishan da bariki abu guda. Da yaƙin Yaa Asantewaa ya tashi cikin 1900, sai da ya fake cikin kagarar Turawa, aikin da ya yi ya watse, aka sāke shi daga tushe.

Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun ɗanɗana nasu rabo. Cikin 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi, Zongon Kumasi kuwa yana cikin wuraren da ta fi ƙarfi, ta haɗa kai da masu hamayya da Kwame Nkrumah. Ƙasa ta sami mulkin kai cikin Maris 1957, kafin shekarar ta ƙare aka kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongo, da Alhaji Usman Ladan zuwa Nijeriya, aka kuma kafa doka ta hana jam'iyyar addini ko ta kabila. Masu hamayyar nan suka hau mulki cikin 1969, Dr Busia yana Firayim Minista, mutanen Zongo suna cewa nasu ya samu. Ran 18 ga Nuwamba aka ba kowane baƙo marar takarda kwana 14 ya bar Ghana. Louis na 14 ma ya ba fastoci 15. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda aka sayar da gidaje da kekunan ɗinki a bakin kuɗin mota, ba a kuwa tambayi kowa ko masallaci ya ke zuwa ko majami'a ba. Kujeru da yawa cikin ɗakunan sujada na Hausa suka zama wofi a wannan wata.

Cikin 1989 gwamnatin soja ta Rawlings ta kafa doka, ta ce kowace ƙungiyar addini ta zo a rubuta ta kafin ta yi aiki, ta kuma dakatar da Shaidun Jehobah da 'yan Mormon. Ba mu yarda da koyarwar waɗannan biyu ba, ba mu kuwa ɓoye ba. Amma bishop-bishop na Katolika da Majalisar Kirista ta Ghana, inda Methodist da Presbyterian su ke, suka tsaya baki ɗaya suka ƙi kai sunansu, suka ce izinin sujada ba daga ofis ya ke fitowa ba. Gwamnati ba ta iya tilasta musu ba. Tsarin mulki na 1992 ya ba kowane mutum 'yancin bin addinin da ya ga dama da yin sujadarsa a fili, ya kuma hana a kafa jam'iyya bisa addini. Ƙarƙashinsa mu ke taruwa ran Lahadi, ƙarƙashinsa kuma ladanin unguwarmu ya ke kiran salla da asuba.