Faifan Garmaho: Ina Muryoyin Su Shata Suka Shiga?

'Yan uwa samari da 'yan mata, musamman ku da aka haifa ko kuka taso a nan Doha. Yau hirar tamu a kan faifai ce. Da yawanmu mun san "faifan bidiyo" da "faifan CD", amma ka tambayi mutum asalin kalmar, sai ya yi shiru. To, faifai dai shi ne wannan kewayayyen abu da iyayenmu mata ke saƙawa da kaba, ana rufe ƙwarya da shi, ana sheƙe hatsi da shi. Da Bahaushe ya ga baƙin abin nan mai faɗi yana juyawa a kan akwati yana fitar da murya, sai ya ce ai wannan faifai ne. Akwatin kuma ya kira shi garmaho.

Bari mu faro daga tushe. Tsakanin 1927 da 1930, kamfanin Zonophone ya riƙa ɗaukar muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a birnin Landan, ana buga faya-fayan a Ingila, a yi jigilarsu a jirgin ruwa a sayar a gida. Cikin harsunan da aka ɗauka akwai Yarbanci da Fanti da Ga da Twi, akwai kuma Hausa. Ka ga ke nan Hausa ta kusa shekara ɗari a kan faifai.

Faifan wancan zamani da wani irin ƙaro ake yinsa wanda ake samowa daga Indiya. Yana da nauyi, kuma in ya faɗi ƙasa sai dai a share. Yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, gefe guda bai fi minti 3 da 'yan kai ba. Garmahon ba ya son wuta ko batir, da hannu ake wana shi, allurar ƙarfe ce ke bin layin faifan, kuma ƙa'ida ita ce a sauya allura bayan kowane gefe. Yanzu ka yi tunani, makaɗin Hausa da ya saba raba dare yana waƙa ɗaya, 'yan amshi na karɓa, a ce masa ya gama komai cikin minti 3! Sauƙi bai zo ba sai bayan 1948, lokacin da kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai ɗaukar kusan minti 20 a kowane gefe. A 1949 kuma RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45.

Manyan kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar faifai a Najeriya: Decca da Philips da EMI, duk a Legas suke zaune, kuma hankalinsu ya fi karkata ga kiɗan kudu. Duk da haka manyan makaɗan Arewa sun shiga faifai, irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Amma a gaskiya garmaho kayan masu hali ne. Talaka a rediyo yake jin waƙa. Tun 1944 aka fara sa akwatunan rediyo masu waya a Kano, a 1962 kuma gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A Yamai ma an buɗe gidan rediyo a 1958. In kana neman DJ na farko a ƙasar Hausa, to a nan za ka same shi: mai gabatar da shirin Zaɓi Sonka. Wasiƙu da katunan gaisuwa a gabansa, ya karanto sunan mai gaisuwa da garinsu da waɗanda yake gaisarwa, sannan ya sa waƙar. Sanin abin da jama'a ke so, da sanin wace waƙa za ta bi wace, ai shi ne aikin DJ har gobe. A daidai lokacin da DJ Kool Herc ke haɗa garmaho biyu a unguwar Bronx ta New York a 1973, mutanenmu sun daɗe da sanin daɗin mai zaɓen waƙa.

To me ya kashe faifai? Kaset. Philips ya fito da shi a 1963, kafin a ankara ya mamaye Arewa. Ga arha, ga shi rikoda na aiki da batir, direban mota na iya sawa, kuma kaset mai minti 60 ko 90 ya fi dacewa da dogayen waƙoƙinmu. Sai dai kowa na iya kwafa. Masu kwafe suka cika kasuwanni, ciniki ya faɗi, zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 Turawan suka tattara nasu ya nasu. Decca ya koma Afrodisia, EMI ya koma Ivory Music, reshen Philips da ya zama Polygram ya koma Premier. A Kano harka ta koma kasuwar Ƙofar Wambai, daga baya kiɗan fiyano na finafinan Hausa ya zo ya rufe komai. Tsofaffin faya-fayai kuwa aka jibge su a ɗakin shirgi, rana da ƙura da yara suka gama da su.

Abin da zai ba ka haushi, kuma ya sa ka gode Allah, shi ne wasu daga waje sun adana abin da muka zubar. Wani Ba'amurke masanin al'adu, David Ames, ya zauna a Zariya a 1963 zuwa 1964 yana ɗaukar kiɗan fada da na sana'a, aka fitar da su a manyan faya-fayai biyu ƙarƙashin jerin UNESCO a Jamus. A 1976 kamfanin Folkways na Amurka ya buga faifan gogen Alhaji Garba Liyo, a bangon ma "Leao" suka rubuta. A Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogansa a 1978, kaset kaɗan aka yi, abin ya kusa ɓata, sai da Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya gano shi a Yamai ya buga shi a faifai a 2013. A wannan shekarar dai kamfanin ya fitar da faifan Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano. Wato waƙar da ake sayarwa a tire a bakin titi, ita ce Bature ke sawa a garmaho a Balin da Landan.

Mu dawo nan inda muke. Larabawan wannan yanki su ma sun bi irin wannan hanya. Kafin a samu wurin ɗaukar murya a nan kusa, mawaƙansu Bagadaza da Bombay suke tafiya. Muhammad bin Faris na Bahrain ya yi ɗauka a Bagadaza a 1932, Salim Rashid Suri mutumin Oman ya yi nasa a Bombay, daga baya ya kafa kamfaninsa Salimphone a Bahrain. Gidan rediyon Katar kansa sai 1968 aka buɗe shi. Bambancinmu da su shi ne sun waiwaya. A 2014 aka buɗe Qatar Digital Library, haɗin gwiwar Qatar Foundation da babban ɗakin karatu na Birtaniya, kuma cikin abin da aka sa a intanet kyauta har da irin waɗannan tsofaffin faya-fayan masu juyi 78, tare da bayanin mawaƙan. Yaron Doha na iya zama da wayarsa ya ji abin da kakansa ya ji. Mu fa? Narambaɗa ya rasu a 1963, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Yawancin abin da ke yawo nasu a waya kwafen kwafe ne, murya ta dushe, babu shekara, babu sunan makaɗa ko 'yan amshi, wani sa'in ma an yanke kai da gindi.

Faifai kuwa ya dawo kasuwa. A Amurka a 2022 an sayar da faya-fayan roba fiye da CD, karo na farko tun 1987. Ma'ana masu neman tsohon faifan Afirka sun ƙaru, farashi na hawa, abin da ya rage a gidajen Kano da Katsina da Maraɗi zai ci gaba da ficewa in ba mu riga su ba.

Don haka ga shawara, musamman ga ku masu sa kiɗa a bikin aure da suna da taron Sallah a nan Doha. In ka je hutu gida, ka tambayi Baba ko Kawu ko Hajiya Kaka ko akwai sauran faifai ko kaset a adaka. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka tambayi labarin kowanne, wa ya saya, a ina, yaushe, ka rubuta. In ka kawo, a tsaye ake jera faifai kamar littattafai, ba a ɗora wani kan wani. Kada ka kuskura ka bar shi cikin mota a watan Yuli, zafin Doha zai lanƙwasa shi kamar gurasa. Tsohon mai juyi 78 ba a goge shi da sifirit, narkar da shi yake yi, kuma allurarsa daban ce da ta faifan roba. Ka ɗauki hoton bango da tambarin tsakiya, don a nan sunan kamfani da lambar faifan suke, sannan ka juye sautin a kwamfuta ka raba wa 'yan uwa da cikakken bayani.

Ranar biki kuma, bayan ka gama da su Davido, wanda aka ji muryarsa a waƙar gasar cin kofin duniya ta 2022 a nan garin, ka daure ka sa Bakandamiyar Shata ko amadar Barmani, ka dubi ɓangaren da iyaye ke zaune ka ga abin da zai faru. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.