Diyyar Rauni Tsakanin Ma'aunin CIMA da Ma'aunin Malikiyya

Masu nazarin shari'a sun saba kallon rage diyyar rauni a matsayin matsalar Amurka, inda alƙali ke da ikon zaftare abin da juri, wato talakawan da ake zaɓa su yanke hukunci, suka ware wa wanda aka ji wa ciwo, kamar yadda aka rage kuɗin horo daga dala miliyan 2.7 zuwa 480,000 a shari'ar McDonald's ta 1994. A Nijar ba juri ke yanke diyya ba, amma ragin yana nan, sai dai ya riga alƙali isa kotu. Dokar inshora ta CIMA da Nijar ke bi, wadda ta samo tushe daga yarjejeniyar Yaounde ta 1992 kuma ta fara aiki a 1995, ta ƙayyade diyyar haɗarin mota bisa mafi ƙarancin albashi, wanda aka tsayar kan sefa 30,047 a wata a 2012.

Akwai masu kare wannan tsari da cewa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tunda fiƙihun Malikiyya ma ya ƙayyade diyya: raƙuma 100 ga rai, goma ga yatsa, biyar ga haƙori. Kamanceceniyar ƙayyadewar gaskiya ce, amma da wuya ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata. Raƙumi dukiya ce da farashinta ke tafiya da kasuwa, alhali albashi adadi ne da ke jiran sa hannun hukuma, ya kan kuma shekara goma bai motsa ba. Sannan diyyar fiƙihu ba ta tambayar takardar albashi, don haka yatsan attajiri da na ɗan ƙwadago kuɗinsu ɗaya. Manomin Cadakori da mota ta karya wa ƙafa a babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa ba shi da takardar da za ta nuna dammunan geron da ya rasa a daminar da ya yi kwance, sai a lissafa asararsa da ma'auni mafi ƙasa.

Dole a yarda cewa fiƙihu na da nasa bambance-bambancen, musamman tsakanin namiji da mace idan rauni ya kai sulusin diyya, kuma ƙayyadewa na iya gaggauta biya. Kwatancin nan na CIMA da fiƙihu ma bai wuce haɗarin mota ba, domin raunin rikicin gona da makiyaya ya kan fara ne a gaban sarki, inda ake sulhu da wani ma'aunin dabam.