Tsagar da ta girgiza Apple: tarihin eriyar wayar hannu

A gefen hagu na wayar iPhone 4, can ƙasa dab da kusurwa, akwai wata 'yar baƙar tsaga siririya da ta raba ƙarfen da ya kewaye wayar. Mai saye ba zai ma kula da ita ba. Amma a tsakiyar shekarar 2010 wannan tsaga ta sa Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, ya katse hutunsa a tsibirin Hawai ya dawo gida. Ta jawo ƙararraki a kotunan Amurka, ta kuma tono wani abu da masu ƙera waya suka shafe fiye da shekara goma suna binnewa: kowace wayar hannu rediyo ce, kuma rediyo ba ya aiki sai da eriya.

A da ba a ɓoye ta. Ranar 3 ga Afrilu 1973, da Martin Cooper, injiniyan kamfanin Motorola, ya tsaya a bakin titi a birnin New York ya buga wayar hannu ta farko, na'urar da ke hannunsa ta kai kilo guda a nauyi, ga eriya tsaye a kanta. Haka DynaTAC 8000X ta shiga kasuwa a 1984 a kan dala 3,995. Daga nan aka zo zamanin eriyar da ake zarowa kafin a yi magana, sai kuma zamanin masu guntun ƙaho. Duk suna kama sabis yadda ya kamata, sai dai jama'a ba sa son su, domin suna maƙalewa a aljihu, suna karyewa, suna kuma ɓata wa waya fasali.

Matsalar ita ce tsawon eriya ba ganin damar mai ƙira ba ne. Igiyar rediyon da ke tafiya a kan zangon megahaz 900, wanda layukan GSM da yawa ke amfani da shi, tsawonta ya kai kusan santimita 33, kuma eriyar da za ta kama ta da kyau tana bukatar kusan rubu'in haka, wato wajen santimita 8. Bayan tsawo, tana son sarari. Ba ta shiri da batir, ba ta shiri da ƙarfe a kusa da ita, kuma ba abin da ta ƙi jini kamar jikin mutum, wanda yawancinsa ruwa ne mai gishiri. Tsoka tana shanye wani kaso na igiyar, sannan tana kautar da eriyar daga zangon da aka daidaita ta a kai. Duk wanda ya taɓa laluben tasha a gajeren zango da asuba ya san haka: da ka ɗora yatsa a kan eriyar rediyo, murya za ta sauya.

Duk da haka injiniyoyi suka samo dabarar naɗe eriya su cusa ta cikin waya. Kamfanin Hagenuk na Jamus ya fara fitar da irin wannan waya a 1996, Nokia ta biyo baya da 8810 a 1998, amma 3210 ta 1999 ce ta kai abin hannun talaka, don an sayar da kusan miliyan 160. Ƙanwarta 3310 ta fito a 2000, kuma tana cikin wayoyin da suka fi yaɗuwa bayan an buɗe layukan GSM a Najeriya a watan Agusta 2001. Nokia ta ajiye eriyar a saman bayan waya, a lulluɓe da roba, ta kuma rubuta a littafin da ke cikin kwali cewa a guji taɓa wurin yayin magana. Masu ƙira sun san illar hannu tun a wancan lokaci.

Ga kuma doka. Hukumar sadarwa ta Amurka ta ƙayyade yawan ƙarfin igiyar da jikin mutum zai iya sha daga waya, wat 1.6 a kowane kilo na tsoka. Hanya mafi sauƙi ta cika wannan sharaɗi ita ce a nisanta eriya daga kai, shi ya sa kamfanoni suka fara mayar da ita gindin waya, kamar yadda Motorola ta yi a haɓar wayarta RAZR a 2004. An raba ta da kunne, an kai ta tafin hannu. Da wayoyin zamani suka zo da faffaɗan gilashi da ƙaton batir, ga rediyoyi barkatai a ciki, na kira da na intanet da Wi-Fi da Bluetooth da GPS, sai wurin ya ƙara matsewa. iPhone ta farko, ta 2007, bayanta alminiyon ne, amma dole aka bar baƙar roba a ƙasa domin igiya ta samu mafita.

Ranar 7 ga Yuni 2010, a birnin San Francisco, Jobs ya ɗaga iPhone 4 a gaban jama'a. Kaurinta milimita 9.3 kacal, gilashi gaba da baya, ƙarfe mara tsatsa ya zagaye ta. Ya nuna 'yan tsagogin da ke jikin ƙarfen, ya bayyana da alfahari cewa ƙarfen nan shi ne eriyar. An raba shi gida biyu, ɗaya na Wi-Fi da Bluetooth da GPS, ɗayan na kira da intanet ɗin layi. Dabarar tana da hikima, gaskiya ne. Eriyar ta samu tsawo, ta fito sarari, cikin waya kuma ya samu wurin batir mafi girma. Abin da ba a faɗa ba shi ne an mayar da eriya waje tsirara, babu ko fallen roba tsakaninta da fatar mutum.

Wayar ta shiga kasuwa ranar 24 ga Yuni a Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Japan, aka sayar da miliyan 1.7 cikin kwana uku. Tun a ranar farko bidiyoyi suka cika intanet. Mutum zai ajiye wayar a tebur, sabis a cike. Ya ɗauke ta da hannun hagu, tafinsa ya rufe tsagar nan ta ƙasa, sai layukan sabis su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har kira ya tsinke. Fata mai ɗan gumi tana haɗa ɓangarorin ƙarfen biyu da aka raba da gangan, sai daidaiton eriyar ya rikice. Kuma ba bahagwai kaɗai abin ya shafa ba, domin da yawa daga masu amfani da dama da hagu suke riƙe waya su latsa da dama. Wani mai saye ya aika wa Jobs wasiƙar imel yana kuka, sai amsa ta zo a gajarce: ya daina riƙe ta haka kawai. Wannan amsa ta fi tsagar kanta fusata mutane.

Wani abu da ya faru watanni kaɗan kafin nan ya ba masana abin tattaunawa. Wani ma'aikacin Apple ya manta da samfurin gwaji na wayar a wata mashaya a Redwood City, shafin Gizmodo ya saye shi a kan dala 5,000 ya baje hotunansa a watan Afrilu. An tarar da samfurin cikin rigar roba da aka yi don a ɓad da kamanninsa ya yi kama da tsohuwar iPhone 3GS. Da yawa suka yi hasashen cewa tsananin sirri ne ya cuci kamfanin: in masu gwaji a waje duk cikin riga suke riƙe wayar, hannunsu bai taɓa ƙarfen ba ke nan. Kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa wani babban injiniyan eriya ya yi gargaɗi tun ana zanen wayar, Apple kuma ta musanta.

Ranar 2 ga Yuli kamfanin ya fitar da wasiƙa mai ban mamaki. Ya ce ya gano lissafin da wayoyinsa ke bi wajen nuna layukan sabis kuskure ne, sau da yawa yana ƙara layi biyu a kan gaskiya, kuma haka abin yake tun daga iPhone ta farko. A nan ne labarin ya fi amfani ga mai karatu, domin masu binciken shafin AnandTech sun auna abin da lambobi. Sun ga cewa riƙo na yau da kullum yana rage ƙarfin sabis ɗin iPhone 4 da kusan desibel 20, damƙa sosai kuma da kusan 24, alhali 3GS a riƙo na yau da kullum ba ta rasa ko desibel 2 cikakku. Desibel 20 na nufin ƙarfin ya ragu ninki ɗari. Sannan suka duba yadda aka raba layukan: layi na biyar shi kaɗai ya mamaye tazarar desibel 40, sauran huɗun duka an cunkusa su cikin kusan 22.

Ma'anar haka a fili take. Wanda ke zaune kusa da ƙarfen sabis zai damƙe wayar yadda ya ga dama, ya rasa desibel 24, amma ya ci gaba da ganin layi biyar, ya rantse cewa wayarsa lafiya lau. Wanda ke nesa, ko cikin gini mai kauri, wanda da ƙyar sabis ɗinsa ya kai layi biyar ɗin, damƙa ɗaya za ta kai shi ƙasa. Dukansu gaskiya suke faɗa. Aibin ƙirar yana jikin kowace waya, amma mai rarraunan sabis kaɗai yake biyan kuɗinsa. Sabuwar manhajar da aka saki ranar 15 ga Yuli ta gyara lissafin layukan, ta ma ƙara wa ƙananan tsayi, sai dai ba ta taɓa ƙarfen wayar ba.

Kafin nan, ranar 12 ga Yuli, mujallar Consumer Reports, wadda Amurkawa ke dogaro da ita kafin su sayi kaya, ta gwada wayoyi uku a ɗakin gwajinta ta ce ba za ta ba da shawarar a sayi iPhone 4 ba. Ta ƙara da cewa ɗan guntun salatif mai kauri a kan tsagar yana magance matsalar. Jaridu suka laƙaba wa lamarin suna Antennagate, har Sanata Charles Schumer na New York ya rubuta wa Jobs takarda yana neman a yi wa jama'a bayani.

Ranar 16 ga Yuli Jobs ya kira 'yan jarida hedkwatar kamfanin a Cupertino. Ya amsa cewa su ba ma'asumai ba ne, wayoyi ma haka. Ya nuna bidiyon BlackBerry Bold 9700 da HTC Droid Eris da Samsung Omnia II suna zubar da sabis in an damƙe su. Ya kawo alƙaluma: an sayar da fiye da miliyan 3 cikin mako uku, kashi 0.55 cikin ɗari ne suka kira kamfani kan matsalar sabis, kashi 1.7 suka mayar da wayar, alhali 3GS kashi 6 ne. Ya ce sun kashe dala miliyan 100 wajen gina ɗakunan gwajin eriya 17. Ya kuma yarda cewa iPhone 4 ta fi 3GS yawan tsinkewar kira, da abin da bai kai kira ɗaya cikin ɗari ba, ya danganta hakan da ƙarancin masu sa wa sabuwar wayar riga. Wannan bayani da kansa shaida ne cewa hannu a kan ƙarfen shi ne cutar. Maganin da ya bayar shi ne rigar robar gefe, wadda ake sayarwa dala 29, kyauta ga kowa har 30 ga Satumba, wanda bai gamsu ba kuma ya mayar da waya cikin kwana 30 ya karɓi kuɗinsa.

Sauran kamfanoni ba su yi shiru ba. Shugabannin RIM masu BlackBerry, Mike Lazaridis da Jim Balsillie, suka ce ba za su lamunci a jawo su cikin ramin da Apple ta haƙa wa kanta ba. Nokia ta ce ita in kyan ƙira da aikin eriya suka yi karo, eriya take zaɓa. A nan Jobs ya faɗi rabin gaskiya ne. Kowace waya hannu yana rage mata ƙarfi, amma ba kowace ba ce ke da wuri guda da ɗan yatsa zai taɓa kira ya mutu. A watan Agusta Mark Papermaster, mai kula da ƙirar kayan iPhone, ya bar kamfanin.

Gyara na gaskiya ya zo ba tare da ganga ba. iPhone 4S, wadda aka ƙaddamar ranar 4 ga Oktoba 2011, kwana ɗaya kafin rasuwar Jobs, tana sauya aiki tsakanin eriya biyu, in hannu ya toshe ɗaya ta koma ɗayar, kuma Consumer Reports ta amince da ita. A 2012 aka sasanta ƙarar haɗin gwiwa da masu saye suka shigar, kowa ya zaɓi dala 15 ko rigar roba. Siraran layukan roba da aka gani a bayan iPhone 6 a 2014, da waɗanda ke gefen kusan kowace wayar ƙarfe a yau, duk ƙofofi ne da aka bar wa igiya. Zangon 5G mafi tsananin sauri kuwa tafin hannu na iya tare shi gaba ɗaya, shi ya sa wayoyin da ke amfani da shi suke ɗauke da eriyoyi a sassa daban daban.

Ba a ce matsalar ta ƙare ba. A jami'ar Aalborg ta Denmak, Farfesa Gert Frølund Pedersen ya shafe shekaru yana auna wayoyi da kan roba da hannun roba masu kwaikwayon jikin mutum. Rahoton da ya yi wa ƙasashen arewacin Turai a 2016 ya nuna bambanci mai yawa tsakanin wayoyi, har ma tsakanin kunnen hagu da na dama a waya guda, kuma wasu masu tsada sun sha kaye a hannun ƙananan wayoyi masu madannai. Ya yi ta kira da a riƙa liƙa wa waya shaidar ƙarfin eriyarta. Har yau kwali yana faɗin ƙarfin kyamara da girman batir da yawan ma'ajiya, ba ya cewa komai game da abin da ke haɗa wayar da duniya.

Wannan gibi ya fi shafar mazauna karkara a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda ƙarfen sabis ke da nisa, inda a wasu ƙauyuka sai an hau tudu ko an nemi wani lungu sananne kafin kira ya shiga. Ba ko da yaushe laifin kamfanin layi ba ne, wani lokaci wayar ce ba ta da kunne. Mai niyyar saye ya tambayi waɗanda ke riƙe da irin wayar a unguwarsa ko ƙauyensa, in da hali ya sa layinsa a ciki a wurin da sabis ke da rauni, ya yi kira da hannun dama, ya sake yi da na hagu, kafin ya miƙa kuɗinsa.